Tagar da Ke Kallon Lungu

Shekarar da aka rufe boda, Shamsu yana tsallake da mota cike da katako. Ya bar Bagudo ranar Talata da niyyar dawowa Alhamis, sai ga shi ya shiga wata na biyu yana kwana ƙarƙashin motar ubangidansa a Segbana, cikin ƙasar Benin. Da ƙafa zai iya biyo hanyar gonaki ya ɓullo Tsamiya, amma duk direban da ya bar mota a can, in ya koma ko taya ba zai tarar ba. Gida sai ya rage mutum uku: matarsa Bashira, ɗansu mai wata bakwai, da mahaifinsa Malam Bunyaminu kafinta, wanda ya mayar da zauren gidan wurin aikinsa tun kafin a haifi Shamsun.

Mutum uku, amma maganar da ake yi a gidan a yini ba ta wuce gaisuwa. Bashira 'yar Matsinkai ce, ta tashi a gidan da ba a wasa da kunyar suruki. Da safe ta durƙusa bayan labulen buhu da ya raba zaure da tsakar gida ta ce ina kwana, tsoho ya amsa yana kallon katako. Da rana ta ajiye kwano, ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu, ta koma. Shi ma tun ranar da aka kawo ta bai sake wuce randar bakin zaure ba, tunda ɗakinsa da bayinsa suna ta waje. Aka zo kuma aka sa wa jaririn sunan tsohon, wato ko sunan ɗan da ta haifa ba ta isa ta kama ba. Baba Ƙarami take ce masa, shi ma ƙasa-ƙasa, domin ɗan fari ne, kuma a wajen su Bashira macen da ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban dangin miji ta gama zubar da mutuncinta.

Tari ya kama yaron ƙarshen damina. Goggo Fadimatu, yayar Malam Bunyaminu da ke zuwa daga Zagga lokaci-lokaci, ita ta raka Bashira asibiti. Wata nas Bayarabiya mai suna Dupe ta saurari ƙirjinsa, ta tambayi sana'ar mutanen gidan, sannan ta ce a raba shi da ƙurar katako. Goggo ba ta iya ajiye magana ko ta minti ɗaya, don haka tun kafin ta tuɓe takalmi ta juye wa ƙanenta komai.

Abin ya taɓa tsohon ƙwarai. Ba shi da abin so a duniya kamar wannan jika. Kullum bayan la'asar Bashira takan shimfiɗa tabarma gindin labule ta ajiye yaron ta janye, shi kuma ya miƙo hannu ya ɗauke shi, ya yi ta tsokanarsa da cewa ya sace masa suna bai biya ba. Ya dubi zaurensa da idon gaskiya a karon farko cikin shekara talatin. Garin katako ya kai idon sawu, ya lulluɓe bango da azara, kuma duk lokacin da ya ta da inji sai ya bi ta ƙarƙashin labule ya shiga gida. Ya tambayi kuɗin injin zuƙar ƙura irin na manyan shaguna, aka gaya masa abin da ya kai kuɗin saniya. Ya yi dariya ya ce ashe ƙura ma ta yi tsada, zai haɗa nasa.

Kuma ya haɗa, don Malam Bunyaminu mutum ne mai basira, taurin kai ne kawai ya yi masa yawa. Ya samo fankar wani mataccen injin casar shinkafa a bakin fadama. Ya sayi shuɗin duron roba da bututai biyu na ruwa. Ya yanke gindin tsohon bokiti ya kifa shi kusa da bakin zarto ya zama mazurari, ya yayyanka tsohon tub na babur ya ɗaɗɗaure mahaɗan. Obinna mai walda, wanda ya shekara ashirin a Bagudo har Hausarsa ta koma ta Kabawa, shi ya yi wa fankar mazauni ya haɗa ta da bel ɗin injin. Dabarar ita ce fanka ta zuƙo garin ta bututu na farko ta jefa shi cikin duro, mai nauyi ya zauna a can, iskar kuma ta fita ta bututu na biyu.

Bashira tana tsince shinkafa bayan labule ranar da suka zo kan maganar bututu na biyu, ta ji komai.

“Malam, wanga bututu ina za shi hita?” in ji Obinna. “Mai laushin ba ya zama cikin duro, iska yake bi.”

“Ba dai titi ba,” in ji tsohon. “Ga mai ƙosai, ga masallaci. Ta baya za mu huda. Lungu ne tsakanin zaure da ɗakin yaran ga, ba kowa sai ƙadangaru.”

“Babu taga ta wajen?”

“Ni na gina ɗakin da hannuna. Tagarshi gabas take kallo.”

Hannun Bashira ya tsaya cikin tire. Gaskiya ya faɗa, shi ya gina ɗakin, kuma tagar gabas take kallo. Abin da bai sani ba shi ne, da zafin bana, lokacin tana da tsohon ciki, Shamsu ya toshe waccan saboda rana ya huda wata ta bayan ɗakin, daidai kan gado. Ina tsoho zai sani, shi da bai taka wajen ba shekara biyu? Ta so ta faɗa masa, kunya ta hana ta. Suruka ta tsoma baki cikin maganar maza daga bayan labule, ga baƙo kuma a wurin? Ta ce a ranta bari Obinna ya tafi. Obinna ya tafi, ba ta yi magana ba. Ta koma ɗaki ta zauna bakin gado, tana kallo ta taga bakin kurfi ya ɓullo ta bangon zaure, ƙasa tana zuba, sannan bakin bututu ya leƙo. Da ta miƙa hannu za ta taɓa shi.

Washegari aka ta da inji. Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna kallo garin katako yana tsalle yana shigewa mazurari, ana ta sa wa Malam albarka. Da yamma ya turo mata buhu guda na garin da ya taru a duro ta ƙarƙashin labule, don ta riƙa hura wuta. Zaure ya yi fes, har ana ganin launin simintinsa.

Ita kuwa ta san abin da zai biyo baya tun kafin ta gani. Duk wadda ta tashi tana shiƙar shinkafa ta san tsaba a gindin ƙafa take zuba, abin da ba shi da nauyi kuwa gidan maƙwabta yake tafiya. Abin da ke fitowa ta bututun ba gari ba ne da za a share. Wani abu ne mai laushi kamar hoda, ja-ja in maɗaci ake aiki, wanda ba a ganinsa sai hasken rana ya ratsa shi. Ta rufe tagar, ɗaki ya koma tanda, ƙurar kuma ta bi ta tsakanin kwanon rufi da bango ta sauko abinta. Ta kwanta kan gidan sauro, kan zanin goyo, kan ruwan sha. Bashira ta koma yini da yaron can ƙarshen tsakar gida gindin dalbejiya, ta goge ɗaki sau uku a rana da jiƙaƙƙen tsumma. Tarin bai tafi ba, sai ma ya samu ƙari, wani siririn fito da ke fitowa daga ƙirjin yaron in yana barci. Tsoro ya shige ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta kira Shamsu. Sai da ta hau kan turmi kafin layi ya kama.

“Kinka ce mi?” in ji shi. “Injin da Baba ya yi don yaron shi ne ka cutar da shi?”

“Tagar da ka huda. Bututun kanta yake.”

Tana jin hayaniyar direbobi a bayansa.

“Jiya ya kira ni,” in ji Shamsu, “yana ta murna, ya ce ya yi wa takwaranshi aiki. Da wane baki zan ce mai? Kuma in ya ji na huda mai gini ban shaida mai ba... Ki yi haƙuri, ana ta cewa satin ga za a buɗe. In na zo ni da kaina zan karkata shi.”

“To in tahi Matsinkai da shi kwana biyu.”

“Wa zai dahwa ma Baba? Sai a ce kin yi yaji ba ni nan.”

Satin ya wuce ba a buɗe komai ba, wanda ya biyo shi ma haka. Da Goggo Fadimatu ta zo, Bashira ta ga ga mai isar da saƙo, tunda ita ba ta kunyar kowa. Ta zagaya, ta zagaya, ta ce ita dai tana ganin kamar tarin bai sauka ba, kuma ko Goggo za ta leƙa ɗaki ta ga wani abu. Ba ta kai ga maganar taga ba Goggo ta riƙe haɓa.

“Ke ɗiyar nan, ɗan hwari ne hwa. Mu da munka yi namu, ko kallonsu ba mu yi gaban mutane. Tsoho ya zuba ƙarhinshi ya share muku ƙura, kuma ki ce mi? Haƙori ne zai hito mai. Allah ya sawwaƙe ma 'yan zamani.”

Ta sha furarta ta koma Zagga, ɗakin ma ba ta shiga ba. Ranar da ake bukatar surutun Goggo, ranar ta ga dama ta yi wa'azi.

Sai Bashira ta gwada dabararta. Da tsoho ya tafi azahar ta jiƙa buhun algarara ta zura hannu ta taga ta ɗaure shi tam a bakin bututun. Ya yi aiki na kamar rabin sa'a. Daga nan buhun ya toshe, iska ta rasa hanyar fita, garin ya dawo ta mazurari ya bule wa tsohon fuska. Ta ji ya kashe inji yana faɗa da ɓeraye. Can sai ga doguwar gora ta biyo cikin bututun ta tunkuɗe buhun ya faɗa lungu. Da ya sake tayarwa har ƙara wa injin wuta ya yi, don ya wanke hanya. Ta zauna ta yi kuka mai isarta, na haushinsa da haushin Shamsu, amma ya fi yawa na haushin kanta.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne la'asar. Tana ajiye yaron gindin labule ta koma gefe, sai ta ji tsohon yana cewa, “Kai takwara, har yanzu tarin ga? Ai na kore maka ƙurar, saura kai ka yi naka ƙoƙari.” Ranar nan ya kai shi wajen mai magani ya karɓo saiwa da zuma. Komai ya yi wa yaron, ban da taku goma zuwa bayan zaurensa.

Ranar wata Litinin aka wayi gari da ruwan ƙarshe na shekara, irin mai yini yana zuba. Malam Bunyaminu yana da ƙofofin maɗaci shida da zai goge, ya ta da inji tun hantsi. Gindin dalbejiya ya zama tabki, rumfar girki tana yoyo, ba inda za ta kai yaron sai ɗaki. Ta toshe taga da zani, ta rufe yaron da mayafi, ta rungume shi a kusurwar da ta fi nisa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya ƙi nono. Ta buɗe rigarsa ta ga fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa ciki duk jan numfashi. Kuka yake so ya yi, ba iskar yi. Leɓɓansa suka fara canza launi.

Ba ta tsaya neman mayafi ba. Ta ratsa ruwan da yaron a ƙirji, ta zo gaban labulen buhu, wurin da ta shekara biyu tana durƙusawa, ta ɗaga labulen ta shiga a tsaye.

Zauren tsaf yake, iskarsa garau. Tsoho ya juya baya yana tura ƙofa a bakin inji, ko ƙyallen da ya saba ɗaurawa a hanci ya daina sawa. Ta yi sallama, ƙarar inji ta haɗiye. Ta sake yi. Injin irin na niƙan gidansu ne, ta san inda ake kashe shi, sai ta miƙa hannu ta danne. Bel ya yi ta juyawa yana rage gudu har ya tsaya.

Malam Bunyaminu ya waiwayo a fusace, ya ga surukarsa tsaye kai ba ɗankwali tana kallonsa ido cikin ido. Ya kawar da kai da sauri. Cikin shirun da ya biyo baya, ban da ruwan da ke dukan kwano ba abin da ake ji sai fiton ƙirjin yaron.

“Baba,” in ji ta, “ɗana ne. Ɗana ba shi iya lumfashi. Taho ka gani.”

Ta juya, ya bi ta. Ya wuce randa, ya ɗan yi turus a ƙofar ɗakin, sannan ya shiga. Gadon da ke ciki shi ya yi shi da hannunsa lokacin bikinsu. Ya shafa kan gadon kamar yadda ya saba shafa katako, ya dubi tafinsa, ya ga ya yi ja. Bashira ta fizge zanin da ta toshe taga da shi. Bakin bututunsa yana nan daidai fuskarsa, jan maɗaci ya yi masa zobe, ruwan sama yana wanke shi yana gangarowa jikin bango.

“Wa ya huda taga nan?”

“Shi ne. Da zahin bana.”

“Tun yaushe abin ga ka shigowa?”

“Tun ranar da anka tada shi.”

“Kinka yi shiru.”

Bai jira amsa ba, don ya san irin gidan da ya je ya nemo wa ɗansa mata, har yana alfahari da kunyarta a majalisa. Ya karɓi yaron daga hannunta, ya cusa shi cikin babbar rigarsa, ya fita cikin ruwa ba takalmi yana ƙwala wa mai babur kira. Ita ta hau babur na biyu.

Kwana uku suka yi a asibiti. Dupe ta sa wa yaron abin shaƙa, ta yi faɗa son ranta, ba wanda ya tanka mata. Tsohon ya yini ukun nan a kan benci a baranda, bai shiga ba, bai kuma tafi ba sai in an kira salla, sai rana ta ƙarshe da ya ɓace tun safe.

Da suka dawo gida Bashira ta tarar an wanke ɗakinta har azara. An zare bututun, an liƙe ramin da siminti. Inda labulen buhu yake kuwa, an kafa ƙofar katako mai kauri, an bi gefunanta da yankakken tub yadda ko iska ba za ta wuce ba. Ta leƙa kafin a rufe, ta ga fanka da duro an jingine su a kusurwa an rufe da buhu. Ba zai fitar da ƙurar titi ba, ba zai fitar da ita lungu ba, kuma ƙofofi shida suna jiransa. Ya zaɓi ya kulle kansa da ita.

Yaron ya samu sauƙi. Kwana biyar bayan haka yana barci a kan gado, ta kai kunnenta ƙirjinsa ba ta ji komai ba sai numfashi. Ta yi hamdala, ta zuba tuwo ta nufi zaure. Sai dai tun daga randa take jin tarin tsohon ta bayan sabuwar ƙofar, busasshe, mai tsawo, irin wanda mutum ke dafa bango ya yi. Tun da suka dawo bai karɓi takwaransa da la'asar ba, wai jikinsa da ƙura. Gaisuwar safe ma da kyar yake amsawa, yanzu shi ke jin kunyarta fiye da yadda take jin tasa.

Ta ajiye kwanon. A asibiti, cikin zaman jinya, ta yi ta juya kuskuren buhun nan a ranta, har ta gano inda ta ɓata. Toshe wa iska hanya ta yi. Da an lanƙwasa bututun ya kalli ƙasa, aka sa babban baho da ruwa a ƙarƙashinsa, aka kewaye da jiƙaƙƙen buhu sako-sako, ƙurar za ta faɗa ruwa iska ta wuce abinta. Bahon wankan jegonta yana nan bayan ɗaki ba abin da yake yi.

Ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa murfin kwano sau biyu ta koma, kamar kullum. Tarin ya sake tasowa. Ta tsaya tana jira ya lafa, ya daɗe bai lafa ba. Ta ji kunyar nan ta taso mata tun daga ƙafa, ba abin da ya ragu a cikinta, sai ma ƙaruwa. Ta bar murfin, ta buga ƙofar da tafin hannu.

“Baba,” ta ce, “buɗe. Ina da magana.”

Tarin ya tsaya. Ta tsaya da hannunta a jikin katakon, har ta fara tunanin bai ji ba. Sannan ta ji takunsa yana matsowa a hankali, ta ji yana kokawa da sakata.